Bijimin da Aka Sauya wa Suna

Ni na fara hango abin nan kafin kowa a duk faɗin Ikolomani, kuma na faɗa da bakina a tsakiyar kasuwar Khayega, mutane na ji. Ranar da wasu samari suka sauko daga mota da bokitai suka shafe bangon shagon mai gishiri da jan fenti, kyauta, suka zana ƙatuwar kwalba a jiki, kowa sai murna yake wai gari ya ci gaba. Ni kuwa na ce musu, yau bango suka shafa, gobe abin da ke numfashi za su shafa. Aka kwashe da dariya, aka ce Lichungu ya karya kumallo da burkutu. Masu dariyar nan rabinsu suna ƙarƙashin ƙasa yanzu, sauran kuma ba su da haƙoran da za su yi ta. Ni ga ni nan.

Je ka duba garin yau. Shagon aski kore, na mahauci shuɗi, ba don masu su suna son launin ba, don dai wani a Nairobi ya ga dama. Laimar mai gasa masara tana tallan waya. Bencin cocinmu akwai sunan sabulu a bayansa, kana durƙushe kana kallonsa. Kwanaki na je jana'izar wani tsohon abokina, na zauna a rumfar makoki, ina ɗaga kai sai ga hoton wata yarinya a jikin tantin, ta washe baki tana nuna man goge haƙori. Muna kuka tana dariya, har aka rufe kabari.

Ban taɓa zama a aji ba, kuma ban ga abin da na rasa ba. Makarantata ramin zinariya ce. Ni da ƙanena Musonye muka shiga rami guda tun gemu bai fito mana ba, ni ina sara, shi yana jan buhu. Wata damina ƙasa ta rufta da mu. Aka yi ta tono, har mata sun fara kukan mutuwa, sai aka ga hannu. Nawa ne. Aka zaro ni da rai, haƙarƙari a karye, baki cike da laka, kuma abin da na fara tambaya shi ne wa ya ɗauki digata. Ka tambayi kowa. Musonye kuwa sai gawarsa aka fito da ita.

A wurinmu mamaci ta sunansa yake dawowa, in an haifi yaro sai a sa masa. Amma wanda rami ya cinye, babu macen da za ta yarda a kira ɗanta da sunansa, wai ƙasar za ta biyo sunan. Ko matata Khatenje, da na roƙe ta ranar da ta haihu, cewa ta yi gara in mayar da ita gidan ubanta. Aka sa wa yaro Shivachi. Ni kuma na sayi ɗan maraƙi na sa masa Musonye. Tun daga nan duk bijimin karon da na turke, sunansa ke nan. In ɗaya ya tsufa, na bayansa ya gada. Ranar karo, in makaɗan isukuti, kiɗanmu na gado, suka saki ganguna, jama'a suka cika fili suna kiran Musonye, Musonye, sai in ji ƙanena bai tafi duka ba. Kabarinsa ciyawa ta cinye shi tuntuni. A filin karo kaɗai ake ambatonsa.

Na yanzu ya fi su duka. Baƙi wuluk, tozonsa kamar suri, wuyansa mutum biyu ba sa zagaye shi da hannu. Bango ɗaya ya raba ɗakinsa da nawa, in ya ja numfashi ina ji. Bai taɓa juya wa wani bijimi baya ba. Ni na raine shi, ni na san abin da nake zuba masa a dusa, ba kuwa zan faɗa ba. Sai dai gwiwoyina sun fara yi mini gardama, don haka Shivachi ke yanko masa ciyawa, shi ke kai shi fili, har ƙungiyar masu bijimai ta riƙa ɗaukarsa shi ne mai shi. Ban damu ba, ai ɗana ne.

Ran nan ina zaune gindin gwaba ina tufkar igiya, sai ga wata mota ruwan goro da zanen tauraro mai wutsiya a jiki. Shivachi ne ya fara fitowa, yana ta murmushi kamar an naɗa shi sarki. Bayansa wata yarinya siririya da farin takalmi, tana ɗaga ƙafa tana neman inda babu kashin shanu. A gidana kuwa sai ta wahala.

"Baba, ga Nduta daga Nairobi. Daga kamfanin Kimondo take."

"Me suke sayarwa?"

"Lemon gwangwani ne, Kaka, mai sa kuzari," in ji ta, ta ɗan rusuna. Ladabi dai tana da shi, ba zan yi mata ƙarya ba. Ta ɓalle ɗaya ta miƙo mini. Na kurɓa. Kai ka ce an jiƙa ƙusa mai tsatsa a maganin tari. Na tofar, kaza ta zo ta duba ta wuce.

"Za ka saba, Kaka."

"'Yata, na wuce shekarun sabo."

Ta yi dariya ta nufi turke, tana zagaya bijimin daga nesa tana ɗaukarsa a waya. Ta ce sun daɗe suna neman irinsa. Wai mutane sun gaji da allon talla, ba sa ma ɗaga kai su kalla. Wai abin da ake yayi yanzu shi ne a samu abu mai rai, na gargajiya, wanda jama'a suke ƙauna tun asali, a raɓa a jikinsa.

"Mu ba talla muke ba, Kaka. Shiga cikin al'umma muke so mu yi."

"To ku shiga mana, wa ya hana ku? Ranar Asabar ake karo, kuma fili ba shi da ƙofa."

Shivachi ya yi gyaran murya. "Baba, so suke ya ɗauki sunansu."

"Wa?"

"Bijimin. A fili kawai. A gida ka kira shi yadda ka ga dama."

Na ajiye igiyar. Na ce, "Ka san sunan wa yake ɗauke da shi?"

"Na sani, Baba. Amma Baffa Musonye ya rasu tun ba a haife ni ba. Ni kuwa ina raye, kuma babur ɗin wani nake ja, in yini a rana shi ya kwashe. Waɗannan sabo za su ba ni, nawa na kaina."

Sai yarinyar ta sa baki, fuskarta cike da tausayi. "Ai labarin ƙanen naka ma za mu iya amfani da shi, Kaka. Irinsa yana taɓa zuciyar masu saye."

Na nuna mata hanyar da ta shigo. Wannan karon ba ta duba inda take takawa ba, kuma farin takalmin bai koma Nairobi fari ba.

Ashe aikin gama ya gama. Shivachi ya riga ya amsa musu a gaban ƙungiya, babur ɗin ma yana Khayega ana sa masa lamba. Da yamma Khatenje ta dire mini tuwon masara da miyar ganye, ta tsaya a kaina.

"Kai dai tsohon nan, suna ne fa. Yaron nan 'ya'ya gare shi. Sunan ƙanenka zai saya musu takalmin makaranta?"

"Uwar Shivachi, ke ce kika fara ƙin sunan nan."

"Na ƙi, kuma ga ɗana nan da ransa."

Na ce a raina, a yi mu gani. Bijimi dai ya san sunansa.

Ana gobe karo masu fenti suka iso. A gabana suka shafe ƙahonin nan, ƙahonin da na shekara ina gogewa da dutse, suka mayar da su ruwan goro. Suka aske gashin cinyarsa suka zana tauraron nan mai wutsiya. Suka yafa masa wani ƙyalle mai sheƙi kamar amarya. Makaɗa ma aka raba musu riguna, aka koya musu sabuwar waƙa, layi biyu, babu komai cikinta sai sunan lemo. Dattawa ne fa, waɗanda iyayensu suka yi wa ubana kiɗa. Suna maimaitawa suna kallon ƙasa.

Ranar Asabar ban gane filin ba. An kawo babbar mota an jera mata lasifikoki, 'yammata a kai suna rawa da gajerun wanduna, ana wurga riguna da huluna cikin jama'a, manya da gemunsu suna turereniya. Kafin rana ta ɗaga, fili duk ya koma ruwan goro. Wanda za mu kara da shi Nyundo ne, jan bijimin Imbali. Imbali tsohon abokin gabata ne, tare muka yi rami, ya san Musonye na gaske, sun ci a kwano ɗaya. Yana ganinmu ya dafa sandarsa yana dariya.

"Lichungu, bijimi ka kawo ko motar ɗaukar amarya? Waɗancan ƙahoni ne ko karas?"

"Adana bakin nan, Imbali. Za ka buƙace shi wurin ba Nyundo haƙuri."

"Ka dai ce a cire masa zanin kada ya taka ya faɗi."

Aka sake su. Suka tono ƙasa, suka zagaya juna, suka haɗa kai, ƙarar kamar an sari icce. Nan take mai lasifika ya fara, Kimondo, Kimondo, jama'a suka amsa, gangunan ma ba a jin su. Ni ina kallon kunnuwan bijimina. Suna juyawa, dama, hagu, yana neman sunansa cikin hayaniyar bai samu ba. Dabba ce, amma ta san in ana yi da ita. Nyundo ya ji sanyin, ya danno. Sai ga bijimina yana ja da baya, kofatansa suna huɗar laka, abin da ban taɓa gani ba tun da na turke shi.

Da na fito daga gida na rantse ba zan buɗe baki ba. Na ce bari ya faɗi da sunansu, kunyar tasu ce. Amma da na ga gwiwarsa ta gaba ta fara lanƙwasa, ban san lokacin da na yar da sanda ba. Ni da ke hawa tudun coci da ƙyar, na keta fili a guje, samari suna kauce mini. Na je dab da kunnensa, inda ko Shivachi ba ya iya tsayawa, na saki murya.

"Musonye! Na cikin ƙasa, ƙanen mai fita da rai. Laka ta rufe ka, ba ta haɗiye sunanka ba. Tashi!"

Kunnen ya tsaya cak. Ya sauke kai har hancinsa ya taɓa laka, ya shiga ƙarƙashin wuyan Nyundo ya ɗaga shi, ƙafafun gaba suna lilo a sama. Da ya dire shi, Nyundo bai tsaya sallama ba. Ya juya ya keta jama'a, ya bi ta kan teburin gwangwanaye, ya nufi gonar rake, Imbali na bin sa yana ɗingishi.

Ina tsaye ina haki, ƙirjina kamar zai tsage, sai na ji mai lasifika yana cewa, kun ga aikin Kimondo, kun ga abin da gwangwani ɗaya ke yi. Jama'a suka ɗauka. Suka ɗaga Shivachi sama. Babu bakin da ya ce Musonye sai nawa, kuma nawa ya riga ya dushe.

Bayan 'yan kwanaki na je Khayega sayen gishirin shanu, na ga mutane suna kallona suna murmushi. Na ɗaga kai a mahaɗar hanya, sai ga ni. Fuskata ce a kan allo, girmanta ya kai ƙofar coci, baki a wangame, gibina a waje, jijiyoyin wuya sun miƙe, ga ƙahon bijimin a gefe, ga gwangwani. Akwai rubutu yana fitowa daga bakina. Imbali na zaune a benci wurin mai shayi, shi ya ɗan leƙa makarantar mishan yana yaro.

"In karanta maka abin da ka ce?"

"Na san abin da na ce."

"Wai ka ce, tashi da Kimondo." Ya kurɓi shayinsa. "Ban san kana jin Turanci ba, har da shi a ƙasa."

Mai shayi ya zaro waya ya nuna mini sauran. Ga ni ina gudu, ga ni na sunkuya a kunnen bijimi, ga bakina yana motsi. Amma muryar ba tawa ba ce. Wata murya ce mai santsi, irin ta masu karanta labarai a rediyo, tana fitowa daga cikin gemuna tana kiran sunan lemo. Sun cire ƙanena daga bakina sun cusa gwangwani.

Da Nduta ta sake zuwa, takalmin roba ta sako, tana ta fara'a.

"Kaka, ka zama tauraro. Har a ƙasashen waje ana kallonka."

"Abin da na faɗa ba shi ke nan ba."

"Mun sani. Hayaniya ce ta yi yawa, ba a ji sosai. Kuma sunan nan yana yi wa mutanen birni wuyar faɗa." Ta ce kuma in shirya, za a yi babban karo a Kakamega ƙarshen wata, za a nuna a talabijin, kuma suna so in sake yin gudun nan daidai yadda na yi. Har ta kawo mini riga.

Rigar tana nan, da ita nake toshe ramin ɓera.

Abin ya bi gari. Yara in sun gan ni sai su ce ga Kaka Kimondo. Fasto ya sa shi a wa'azi. Duk wannan na shanye. Amma wata safiya Imbali ya biyo ta ƙofar gidana za shi gona, ya ɗaga mini hannu, ba da tsokana ba, da zuciya ɗaya, ya ce, "Ya Kimondo ya kwana?" Mutumin da ya kama ƙafar ƙanena aka fito da shi daga rami. Bai ma lura da abin da ya faɗa ba, ya wuce abinsa.

Ban gama haɗiye wannan ba na zagaya bayan ɗaki, na tarar da Shivachi da bokitin dusa, ya kwaɓa ta da baƙin ruwan rake mai zaƙi. Ya tsaya daga nesa yana cewa a hankali, Kimondo, Kimondo. Wai an ce ya koya masa, kada a sake samun matsala a Kakamega. Bijimin yana kwance yana tuƙa. Sai ya ɗaga kai.

Na koma gindin gwaba na zauna. Na duba abin ta kowace fuska. In na hana shi zuwa Kakamega, ƙungiya za ta ce ba ni ne mai shi ba. In ya je ya ci, sunan lemo ya zauna har abada. In ya faɗi, a ce tsohon ne ya yi masa baki. Muddin yana karo, nasu ne.

To, bijimin karo ba ya sanin mace. Tun yana maraƙi ake raba shi da garke, don duk zafin jikinsa ya taru a ƙaho. Ranar da ya hau saniya ya gama. Ƙungiya ba ta ƙara haɗa shi da kowa, makaɗa ba sa bin sa, ko da zai iya ture bango. Haka muka gada, kuma ba wanda ya isa ya sauya, ko mutanen Nairobi.

Ban yi shi a ɓoye ba, ni ba ɓarawo ba ne. Ranar kasuwa na zaɓa, rana tsaka, bayan Shivachi ya fita da babur. Na kwance igiya na ja shi muka hau titi. Muka wuce ƙarƙashin allon nan mai fuskata. Mutane suka baro rumfuna suka biyo mu, suna tsammanin wani sabon talla ne, har wasu na tambaya ina riguna. Na gangara da shi bakin rafi, gidan Mmbone, wata gwauruwa mai shanun madara. Na san karsanarta tana neman bijimi, don kukanta har gidana.

Ta fito tana goge hannu a zani. "Lichungu, lafiya? Ina za ka kai gwangwanin?"

"Buɗe shingen, Mmbone."

"Ai na aika a kira mai allurar ɗaukar ciki daga ofishin dabbobi."

"Ga wanda ya fi allura."

Ta dube ni, ta dubi bijimin, ta dubi jama'a. "Rami ne ya dawo maka a ka? Wannan fa Kimondo ne."

"Shi ya sa."

Mace ce mai hankali, kuma ta san irin maraƙin da zai fito. Ta ce, "To in ɗan ya zo da ƙaho ruwan goro, kai za ka wanke."

Ina kama ƙyauren shingen na ji ƙarar babur. Wani ya kai wa Shivachi labari. Ya yar da babur ɗin a ƙasa tayar tana juyawa, ya keto mutane.

"Baba, kada ka yi mini haka."

"Matsa, ɗana."

"Baba, don Allah. Zan je in roƙe su, a haɗa sunayen biyu. A ce Kimondo Musonye."

"A haɗa ƙanena da maganin tari?"

"To ni fa? Ni ba naka ba ne? Mamaci ya fi ni?"

Idonsa ya kawo ruwa, mutum da 'ya'yansa, a gaban kasuwa guda. Ba zan ce ban ji ba. Na ji har cikin haƙarƙarin nan da ya karye. Amma hannuna ya riga ya ɗaga ƙyauren, kuma bijimin bai jira shawarar kowa ba. Ya shaƙi iska, ya murɗe leɓe, ya fizge igiyar ya shige.

Sauran ba sai na faɗa ba, akwai mata a wurin. Samari suka yi ta shewa, tsofaffi suka cire hula. Sun san abin da suke kallo. Bijimin da ba a taɓa yin irinsa a Ikolomani ba, yana tsakiyar ƙarfinsa, ni da hannuna na fitar da shi daga fili. Wa ya taɓa yin haka? Ku nemo mini shi.

Washegari Nduta ta iso tun ban gama shan kunu ba. Na ɗauka faɗa za ta yi. Ina, ta tsaya tana taɓa leɓe da yatsa tana tunani.

"Ka san wani abu, Kaka? Wannan ma labari ne. Kuzari a fili, kuzari a gida. Akwai wanda ya ɗauka a waya?"

Ka ji fa. Mutanen nan in ka yi amai a gabansu, sai sun duba ko zai ɗauki tambari. Ta koma mota ta yi ta magana da manyanta, tana dariya, daga baya dariyar ta tsaya. Su karon Kakamega suke so, sun riga sun sayi lokacin talabijin, kuma ƙungiya ta ce ko sama da ƙasa za su haɗe bijimin nan ba zai shiga fili ba. Ta fito ta karɓi ƙyallen nan mai sheƙi ta ninke, ta ce mini sai an jima, da ladabinta.

Kafin la'asar motar tana ƙofar Imbali. Da ragowar fentin bokitin nan aka shafe ƙahonin Nyundo. Nyundo fa, wanda ya gudu cikin rake gari na kallo. A Kakamega mai lasifika ya ce ga Kimondo, gwarzon da bai taɓa juya baya ba, kuma mutanen garinmu, waɗanda ya bi ta kansu a guje, suka sa rigunansu suka amsa. Baƙin bijimi ya koma ja, ba wanda ya tambaya. Imbali yanzu da hula ruwan goro yake zuwa coci.

Babur kuwa sun zo sun ɗauke. Shivachi ya kwashe iyalinsa ya kama haya a Khayega, ya koma jan na mutane. In mun haɗu a hanya sai ya sauke gilashin hular kwanonsa. Khatenje ta daɗe ba ta yi mini magana ba sai da kwano. Ranar da ta buɗe baki, cewa ta yi, "Ci, gwarzo. Ka kori ɗa ka riƙe suna." Na ci. Zai dawo, jinina ne, kuma taurin kan nan a wurina ya samo shi.

Fentin ƙahon sai da na yi ta dirzawa da yashi da lemon tsami kafin ya fita. Gashin cinyar ya tsiro ya rufe tauraron. A fili dai ba a ƙara kiran Musonye ba, wannan gaskiya ne, kuma ranar Asabar in na jiyo ganguna daga nesa sai in shiga ɗaki. Amma tun da aka ga maraƙin Mmbone, mata daga ƙauyuka suke jawo karsanansu zuwa ƙofata. Kuma ba wadda za ta buɗe baki a gaban surukanta ta ce lemon gwangwani ne ya hau saniyarta. Cewa suke, mun zo wurin Musonye. In maraƙi ya faɗo, a ce ɗan Musonye ne. Har a Khayega mahauta suna rantsuwa da shi in suna yabon nama.

Na ji wasu 'yan acaba a wurin mai shayi suna cewa wai tsohon ƙarya yake, wai bijimin ya zama rago, wai har yanzu in ka ce Kimondo sai ya waiwayo kamar kare. To, gidana ba ɓoyayye ba ne, na bayan gwaba ne in ka wuce coci. Duk wanda uwarsa ta haife shi da ƙashi a baya, ya zo da rana kowa na gani, ya sa rigarsa ruwan goro, ya shiga turken nan ya tsaya a gabansa ya kira shi da sunan lemo. Ni zan riƙe masa ƙyauren, daga waje.